Ɓarawon Da Ke Bin Abacada

Greensboro gari ne na masu kaya. Tun zamanin jirgin ƙasa ake masa laƙabi da birnin ƙofa saboda layukan dogo da suka haɗu a cikinsa, yau kuma manyan titunan I-40 da I-85 ne suka gamu a nan, ga sito-sito jere a kewayen filin jirgin sama. Mutanensa sun kusa dubu 300 a ƙidayar 2020, shi ne na uku a jihar North Carolina bayan Charlotte da Raleigh. Yana kuma cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa, Zabarmawa da Hausawa, wasu karatu ya kawo su, wasu aikin masana'anta, wasu tuƙi. Inda baƙi suka taru kuwa, sana'ar aika kaya gida ba ta mutuwa. Gidaje da yawa akwai shuɗiyar gangar roba a kusurwar ɗaki, ana cika ta a hankali: takalman yara ranar da aka karya farashi, man shafawa, na'urar awon hawan jini ta tsohuwa, zannuwan gadon ƙanwar da za a aurar. Ranar da ta cika sai a kai wa mai kwantena.

Wani dattijo mai wannan sana'a ne ya ba ni aikin da zan ba da labarinsa. Alhaji muke ce masa, haka kuma zan bar shi. Ya yi shekaru yana riƙe lissafinsa a manyan littattafai, uwargidansa ce mai rubutawa. Ni rubuta manhajar kwamfuta ce sana'ata, don haka da ya ce yana son abin zamani, na karɓa da murna, ina yi da dare bayan na tashi daga aikina. Tsarin ba shi da wuya. A nan ake auna ganga, a ɗauki hotonta, a rubuta mata lamba a jiki. Ba a sa suna, don kada wani a hanya ya san ta wane ce. Sunan mai karɓa da garinsa suna cikin uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan. In kwantena ta isa Yamai aka sauke a sito, wakilin kowane gari, Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, sai ya zo ya buɗe manhaja a wayarsa, jerin lambobin garinsa ya sauko, ya tsince gangunansa ya loda a mota.

Jerin nan ban sa ya sauko a dunƙule ba. Kowace ganga tana tafe da hotonta, sabis ɗin waya a bakin sito kuma ba abin dogaro ba ne, sai na sa uwar garke ta riƙa turo su ɗaya bayan ɗaya, bisa sunayen masu karɓa daga A zuwa Z, wakili yana ganin na farko tun na baya ba su iso ba. Wannan dabara ce ke kawo bidiyo a waya, ita ce kuma ke sa amsar manhajojin hira ta riƙa fitowa kalma-kalma. Amfaninta a fili yake, amma tana tafe da tambayarta: in bayanai suka daina zuwa, ƙarewa suka yi, ko hanya ce ta yanke, ko mai aikowa ne wani abu ya riƙe shi?

Ban yi wa tambayar nan tanadi ba ko kaɗan. A kan teburina na gwada manhajar, inda intanet ke gudu ba tangarɗa, jerin ya sauko cikin ƙiftawar ido, na ce alhamdu lillahi. Da ta isa hannun wakilai sai ƙorafi ya fara. Wani lokaci 'yar da'irar jira ta yi ta juyawa, direba yana hon, 'yan dako suna zaune, ita ba ta gama ba, ba ta kuma ce ta kasa ba. Dalilin yana cikin ginin intanet ɗin kanta. Ƙa'idar TCP, wadda yawancin zirga-zirgar bayanai ke hawa, an tsayar da ita a rubuce tun 1981, kuma tana da hanyar rabuwa: ɓangaren da ya gama ya aika alamar FIN, in rufewar gaggawa ce ya aika RST. Sai dai alamar ita ma saƙo ce, sai da hanya take isa. In sabis ya ɗauke, babu abin da zai zo ya gaya wa wayar an rabu. A wurinta layi yana nan buɗe. Akwai ɗan binciken da TCP ke iya yi don ta ji ko ɗaya ɓangaren yana raye, amma sai an kunna shi, kuma ƙa'idar 1989 ta sa ba ya farawa sai bayan awa 2 na shiru in mutum bai canja ba. A Linux adadin shi ne sakan 7200. Wakili ba zai tsaya awa 2 a rana yana kallon waya ba.

Sai na sa wa'adi: in aka yi sakan 30 babu abin da ya iso, manhaja ta daina jira. Wannan daidai ne. Da farko kuma, in wa'adin ya cika, jan rubutu take nunawa cewa an sami matsala. Jan rubutun nan ne ya hana ni barci. Wakili ya gani ya kira Alhaji, Alhaji ya kira ni da tsakar dare: "Injiniya, abin naka ya sake yin ja." Gajiya da son a ce aikina yana tafiya suka haɗu, na zauna na rubuta 'yan layukan umarni. Ma'anarsu ita ce, duk abin da ya kawo ƙarshen karɓar bayanai, ƙarshen gaskiya ne, yankewar layi ce, ko cikar wa'adi, a adana abin da ya samu a wuce gaba. Gaban kuwa shafi ɗaya ne, mai koren maki da rubutun "An kammala". Na ce wa kaina da babu gara ba daɗi. Kiran dare ya ɗauke, kowa ya yaba. Ban warkar da komai ba, bakin mai kuka na toshe.

Akwai kuma wani abu da ban ɗauka komai ba a lokacin. In wakili ya gama lodi, maɓalli ɗaya yake dannawa: "Na karɓi duka". Wayar ba ta aika lambobin da ya ɗauka ɗaya-ɗaya. Cewa kawai take yi wakilin Maraɗi ya karɓi kason Maraɗi, uwar garke kuma ta rubuta kowace ganga ta Maraɗi da ke rumbunta a wuyansa, ko ya gan ta a jerinsa ko bai gani ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Nijar da Benin ta rufe, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe ɓangarenta ba. Kayan da a da ke bi ta Kwatano su tsallaka gada zuwa Gaya suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar soja. Tafiya ta ƙara tsawo, kaya suka riƙa taruwa a hanya. A damunar 2024 kwantenonin Alhaji da ya kamata su zo a rarrabe suka sauka Yamai kusan tare, jerin Maraɗi ya yi tsawon da bai taɓa yi ba.

Wakilin Maraɗi saurayi ne, ɗan wani malamin allo, bai daɗe da kama aikin ba. Ya buɗe manhaja da safe, ya ga koren maki, ya tsince duk lambar da ke jerinsa, ya danna maɓalli, ya kama hanyar Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, tafiyar fiye da kilomita 600. A Maraɗi aka raba kaya. Wasu suka zo da rasit a hannu, babu gangarsu, cikinsu har da masu kayan ɗakin amaryar da aka riga aka sa wa rana. 'Yan'uwansu na Greensboro suka cika ofishin Alhaji. Ya kira mai sito a Yamai, wanda ya ce shi dai yaron Maraɗi ya zo ya ɗauki nasa ya tafi. Siton cike yake da ganguna marasa suna na garuruwa daban-daban, bai ga abin da zai sa ya ƙirga su ba. Sai aka juyo gare ni.

"Ɗana, duba mana. Me kwamfuta ta ce?"

Na buɗe shafin da na saba buɗewa. "Alhaji, ya karɓa. Ga rana, ga lokaci, ga lambar wayarsa. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Layukan da na rubuta da dare kuskuren sana'a ne, kowane mai sana'a yana yin irinsa. Wannan magana kuwa shaida ce na bayar a kan abin da ban gani ba, kuma ita ce babban laifina. Da ita aka dakatar da yaron. Saƙonnin murya suka riƙa yawo a zauren WhatsApp na masu aika kaya, daga nan suka isa unguwarsu. Mahaifinsa ya je wurin wakilan Alhaji ya ce a kawo Alƙur'ani ɗansa ya dafa. Yaron ya turo hoton fuskar wayarsa na ranar, yana cewa abin da aka nuna masa ya ɗauka. Na kalli hoton, idona ya tsaya a kan koren makin, na ce to ai ga shi, jerin ya sauko masa cikakke. Hujjar da ya kawo don ta wanke shi na juya ta ta zama igiyar ɗaure shi, alhali ni na fi kowa sanin yadda makin nan yake fitowa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wani.

Hajiya, uwargidan Alhaji, ita ce ta warware ƙullin. Ashe duk da zuwan manhaja ba ta daina rubutu a littafinta ba. Da Alhaji ya yanke shawarar biyan mutane diyya, sai ta jera sunayen masu ƙorafi don ta yi lissafi. Ta kira ni.

"Ɗan nan, zo ka gani. Wane irin ɓarawo ne wannan mai bin abacada?"

Duk sunayen daga harafin S suke zuwa Z. Babu ɗaya da ya fara da A ko H ko M, alhali su suka fi yawa a kowane jeri. Kuma yaron da ake zargi lamba yake gani a jikin ganga. Kafin ta rufe baki na san abin da ya faru.

Na buɗe kundin da uwar garke ke rubuta duk abin da ya same ta, wanda ya kamata in buɗe tun ranar farko. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Na tsara cewa kowane dare da ƙarfe 3 a ɗauki kwafin rumbun bayanai don ajiya, lokacin da a ganina babu mai aiki. Ƙarfe 3 na daren Greensboro a watannin bazararsu ƙarfe 8 ce ta safe a Yamai, lokacin da ake buɗe sito. Ɗaukar kwafin ta cushe rumbun daidai lokacin da jerin ya kai harafin S. Uwar garke ta yi shiru fiye da sakan 30, wayar ta gaji ta rufe, ta nuna kore. Da rumbun ya sake, uwar garke ta yi ƙoƙarin ci gaba da turawa, ta tarar babu kowa a layi, ta rubuta hakan a kundinta. Ta faɗi gaskiya, sai dai a inda babu mai karantawa. Muka aika lambobin zuwa Yamai. Aka sami gangunan duka a bayan sito, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Abin kunyar shi ne babu sabon abu a cikin wannan. Sigar HTTP ta 1996 ta yarda a gane ƙarshen saƙo da rufewar layi kawai in ba a faɗi tsawonsa ba, aka kuma ga aibin hakan: rufewar da aka yi da gangan da wadda ta faru bisa haɗari kamanninsu ɗaya. Shi ya sa sigar 1997 ta kawo aikawa gutsure-gutsure, kowane gutsure da girmansa a gaba, a ƙarshe kuma gutsure mai girman sifili wanda ke nufin ƙarshe ke nan. Tsarin WebSocket na 2011 ya ware lamba 1000 ga rufewar lafiya, 1006 ga layin da ya yanke babu sallama. Tsarin gRPC da Google ta fitar a 2015 ba ya ɗaukar aiki ya yi nasara sai matsayin ƙarshe ya iso bayan bayanan. Har shahararren kayan aikin nan na Python mai suna urllib3, a sigarsa ta 2 da ta fito a 2023, ya mai da shi ƙa'ida cewa in saƙo ya gaza tsawon da aka yi alkawari, ya tada ƙara. Kayan aikin da na yi amfani da su ma sun tada ƙarar. Ni na kama ta na jefar.

Tun kafin waɗannan, masana uku, Saltzer da Reed da Clark, sun rubuta wata maƙala da aka buga a mujalla a 1984, wadda duk ɗalibin sadarwar kwamfuta ke karantawa. Hujjarsu ita ce, komai kyan hanyar da ke tsakani, masu aikawa da karɓa ne kaɗai za su iya tabbatar da cewa abin da aka aika shi ya isa, don haka dole a bincika a ƙarshen tafiya. Sun ba da misali daga jami'ar MIT, inda wata na'ura a tsakiyar hanya ke musanya bayanai kaɗan a kowane miliyan, ta yi ta lalata fayiloli ba a sani ba, domin kowa ya dogara da cewa hanya tana duba kanta.

Masu kwafar littafi da hannu a ƙasarmu sun riga mu sanin wannan. Littattafanmu na Larabci da ajami falle-falle suke, ba a ɗinke su. Don haka marubuci yakan sa kalmar farko ta falle na gaba a ƙasan wanda ya gama, domin in ɗaya ya ɓace mai karatu ya gane. A ƙarshe yakan rubuta tammat. Mawaƙan ajami da dama ma sukan faɗi adadin baitocinsu a rufewa, su sa shekara da ramzi. Wanda ya tarar da littafi ya tsaya babu tammat ba ya cewa ya sauke shi. Ya san akwai saura. Jeri, alamar ƙarshe, da adadi: abubuwa uku ke nan, kuma babu ko ɗaya a manhajata.

Kada kuma a ɗauka darasin shi ne cikar wa'adi tana nufin an kasa. Wannan ma kuskure ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a Kano ko Katsina ya san shi. Na'ura ta jira amsa, wa'adinta ya cika, ta ce ba a yi ba, ga kuma saƙon cire kuɗi ya shigo wayarka. Umarnin ya isa banki, amsar ce ta maƙale a hanya. In ka sake sa kati, sai a cire sau biyu. Matsalar ta kai Babban Bankin Nijeriya a watan Yunin 2020 ya yanka wa bankuna lokaci: awa 48 don mayar da kuɗin da ya maƙale a ATM ɗin wani banki, awa 72 ga na POS da na intanet. Manhajata ta mai da shiru nasara, na'urar POS ta mai da shi gazawa. Abin da shirun ke faɗa ɗaya ne kawai: ba a ji komai ba tukuna. Manyan hukumomi ma ba su tsira ba. A Ingila, a Oktoban 2020, aka gano mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona ba su shiga lissafi ba, saboda tsohon tsarin fayil na Excel iyakarsa layi 65,536, abin da ya wuce nan ya zube ba tare da wata ƙara ba. Jerin da aka gutsire kamanninsa ɗaya da cikakke, shi ya sa ya fi lalataccen jeri haɗari.

Na sake gina manhajar bisa wannan fahimta. Yanzu uwar garke tana fara faɗin adadin gangunan da za ta turo, kowace da lambar jerinta, a ƙarshe ta rufe da saƙo na musamman mai ɗauke da adadin da hatimin lissafi irin na SHA-256, wanda wayar ke sake lissafawa ta kwatanta. In ba su yi daidai ba, babu kore. Fuskar wayar tana da amsa uku maimakon ɗaya: an kammala, ba a kammala ba ga adadin da ya rage, ko layi ya yanke ana sake gwadawa. Sabon jeri ba ya maye gurbin tsohon sai ya cika.

Wa'adin ma na raba shi uku, domin jira iri-iri ne: na kama layi tun farko, na shiru tsakanin saƙo da saƙo, da na aikin gaba ɗaya. In uwar garke tana fama da wani aiki, tana aika 'yar alamar "ina nan" duk sakan 15, kamar yadda ƙa'idar HTML ta ba da shawara ga irin wannan kwarara. Da haka shirun sakan 30 ya sami ma'ana, ya zama alamar hanya ta mutu. Alamar tana kuma hana na'urorin tsakiya yanke layi, domin kowace tana da nata agogon: Nginx yakan jira sakan 60 tsakanin saƙo da saƙo in ba a canja ba, na'urar raba lodi ta Amazon ma 60, ƙofarsu ta NAT kuma 350. In layi ya yanke, wayar tana cewa a ci gaba daga lambar da ta tsaya, ba daga farko ba, tana kuma ninka tazarar jira a kowane sabon gwaji don kada wayoyi su yi wa uwar garke rubdugu. Kowane umarni yana da lambarsa, ko an aika shi sau biyu sau ɗaya za a rubuta. Maɓallin karɓar duka na cire shi. Ganga-ganga ake tabbatarwa. Kafin in saki kowane gyara sai na gwada shi da netem, kayan aikin Linux da ke jinkirta saƙo ya zubar da wasu da gangan, in kuma kashe layin da hannuna ana tsakiyar sauke jeri. Ɗaukar kwafi ta koma lokacin da Yamai ke barci, kuma duk layin da ya yanke kafin ƙarshe yana aiko mini da saƙo, ko da tsakar dare ne.

Wannan ɓangare shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne kiran Maraɗi. Na fara da mahaifin.

"Baba, ni ne wanda ya ce ɗanku ya karɓi kayan. Bai karɓa ba. Aikina ne ya ɓoye masa su, ni kuma na yi shaida ban bincika ba. Ku yafe mini."

Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, sannan ya ƙara da cewa a gaban jama'a aka faɗi ta farko, don haka ta biyun ma a gaban jama'a ya kamata a faɗe ta. Na yi saƙon murya da sunana a zauren da aka yi zargin, na bayyana abin da ya faru dalla-dalla, na roƙi duk wanda ya tura saƙon farko ya tura wannan zuwa inda ya tura wancan. Na san bai isa ko'ina ba. Zargi ya fi wankewa saurin ƙafa. Ni da Alhaji muka biya yaron albashin da ya rasa. Kayan amarya sun isa bayan an riga an kai ta ɗakinta da kayan aro. Yaron ya karɓi haƙurina da ladabi, yana ce mini Yaya, amma bai koma aikin ba. Ya ce ba zai iya sake sa hannu a kan abin da ba ya iya ƙirgawa da kansa ba, kuma ban ga abin da zan ce masa ba. Ƙorafinsa ne ya sa yanzu ake ba kowane wakili takarda bugaggiya mai adadin gangunansa, wadda mai sito ke sa wa hannu tare da shi.

Ga 'yan'uwana masu rubuta manhaja, musamman mu da ke zaune inda intanet ba ta yankewa muna yi wa mutanen da tasu ke yankewa aiki: duk inda kuka rubuta umarnin kama matsala, ku dubi abin da ke biyo bayansa, ku tambayi kanku wa zai biya in abin da aka nuna ƙarya ne. Yawanci ba mu ba ne, wanda ke can ƙarshen layi ne, mai ƙaramin albashi, wanda maganarsa ba ta kai ta allon kwamfuta nauyi ba. Ga sauran jama'a kuma, 'yan kasuwa da masu ofis da shugabannin makarantu da ke karɓar irin waɗannan manhajoji, ku tambayi wanda ya kawo muku: in sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki, me za ta nuna? Ku sa shi ya kashe data a gabanku ku gani da idonku. Alhaji ya kafa doka a ofishinsa tun daga lokacin, ni ma na ɗauke ta a nawa aikin: in mutum da na'ura suka saɓa, ba a ambaci sunan kowa sai an buɗe kundi, an kuma je sito an ƙirga.